Gyara

Ƙarfe biyu saura kwata na dare.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
janareton mai shayi kaɗai ke tari a Samaru.
Na ja ƙofar shago, ban tafi gida ba.
Ina zaune kan kwalin takarda,
injin fotokwafi na huce zafin yini a bayana,
waya a tafin hannuna kamar garwashi.

Mu shida ne a teburin da ba shi da ƙafa.
Wani ya sa hoton zaki, wani tutar ƙasar da ban sani ba.
Kati bibbiyu a ɓoye, biyar a fili,
kowa na shara ƙarya da bakinsa a rufe.

Mai gidan cacar ba ya zama da mu.
Ba ya riƙe kati, ba ya gumi.
Kowane zagaye yakan tsakuri kaɗan daga tsakiyar faranti,
kaɗan ƙwarai,
yadda kaza ke tsintar gero a bakin buhu.
Ba ka ganewa sai ranar da ka zo ɗagawa.

Mansir ne ya nuna mini hanya,
muna jiran mota a ƙarƙashin gadar Kwangila.
"Tanimu, ba ka san dawan garin ba.
Yi rajista ta hannuna.
Duk Litinin za su mayar maka da kashi talatin
na la'adar da suka yanka.
Ko ka faɗi, ka ci."
Bai ce mini shi ma daga jikina ake gutsura masa ba.

Litinin ta zo.
Ina buga wa wata ɗaliba babi na uku
sai wayar ta yi ƙara:
dubu huɗu da ɗari biyu.
Na yi murmushi har ta tambaye ni ko haihuwa aka yi mini.
Da yamma na sayi tsire, na ce a ƙara yaji,
na hau acaɓa ban nemi ragi ba,
kamar wanda albashi ya shigo wa.

Sai da na cinye, na lashe yatsu,
na juya bayan wata takarda da inji ya ɓata,
na yi lissafin da nake yi wa yara a kan naira hamsin.
In wannan ne kashi talatin,
dubu sha huɗu ke nan suka tsakura.
La'ada kawai.
Ban sa kuɗin tawada da ya tafi daren Laraba ba,
ban sa rabin hayar da Alhaji Dalha ya aiko yaro sau biyu a kanta ba.

Na tuna Lantana mai wake a kasuwar Sabon Gari.
In ta auna maka mudu, ta share baki,
sai ta cusa hannu ta ƙara maka tafi guda.
"Ga gyara."
Daga buhunta take ɗiba.
Waɗannan kuwa daga nawa buhun suka ɗiba,
suka miƙo mini da hannu biyu,
ni kuma na rusuna na karɓa.

An ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ni rijiyar ce ke jan nawa,
tana fesa mini kaɗan a fuska don kada in suma.

Yanzu ga wani saƙo:
saura hannu ɗari takwas in hau matakin azurfa,
kashi talatin da biyar.
Mai shayi ya kashe janareto.
Can wajen Hayin Dogo wani zakara ya yi kuskuren lokaci.
Dubu ɗaya da ɗari bakwai ya rage cikin gyaran.
Cajin waya saura tara.
An raba kati.
Babban yatsana na tsaye a kan gilashi,
bai danna ba,
bai kuma janye ba.